Gambo Fa?

Tun ranar da hawan jini ya kayar da Malam Dalhatu a bakin rijiyar gidansa a Funtuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta gudu daga bakinsa kaf, sai guda ɗaya ta rage. Ita yake maimaitawa safe da yamma, ko kunu aka miƙa masa ko filo aka gyara masa: "Gambo fa? Fursuna."

Gambo sunan mahaifinsa ne, shi ne kuma sunan da ke bin nasa a duk takardunsa, Dalhatu Gambo. To amma tsoho Gambo ya fi shekara talatin a ƙasa, kuma mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin hula a zaure, ko ƙofar ofishin 'yan sanda bai sani ba balle gidan yari. Saboda haka 'yan dubiya suka yanke hukunci da kansu, kamar yadda suka saba. Suka ce wanda ya fara kiran matattu, ai tafiya ta matso. Muhibba, 'yarsa da ke jinyarsa, takan sunkuya ta gaya masa a hankali cewa Kaka Gambo ya daɗe da rasuwa, kuma babu wanda ya taɓa ɗaure shi. Sai ya kalle ta, hawaye ya gangaro ta gefen da bai shanye ba, ya sake tambaya.

Duk wannan Ghali a waya yake jin sa. Shi ne babban ɗan Malam Dalhatu, shekararsa biyar a Riyad yana tuƙa ƙaramar bas ta wani asibitin kuɗi, yana kwaso nas-nas daga masaukinsu da ke unguwar Shifa ya kai su aiki, da yamma ya mayar da su. Ɗakinsa na unguwar Manfuha, su huɗu a ciki, da na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani kamar injin markaɗe. Fasfo ɗinsa na hannun kamfanin da ya kawo shi, hutunsa kuma sai bayan wata bakwai. Sau uku yana zuwa ofis neman izinin fita ya dubo mahaifinsa, sau uku manaja yana dafa ƙirji yana ce masa gobe in sha Allahu. Ghali ya daɗe a ƙasar, ya san irin wannan goben ba ta wayewa.

Abin da ya rage masa shi ne saƙon murya. Kullum Muhibba takan kara wayarta kusa da bakin tsohon ta ɗauko masa, shi kuma ya yi ta saurare har ya haddace inda numfashin ke tsinkewa. Tsoron mutuwar uban yana nan, amma ba shi ne ya fi cin ransa ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne mutumin nan yana neman wani abu da duk ƙarfin da ya rage masa, kuma duk gidan babu mai gane abin da yake nema. In ya tafi a haka, ya tafi da tambayarsa a baki. Akwai kuma wani ƙaramin ciwo da Ghali bai gaya wa kowa ba: wata biyu ke nan, tsohon bai ambaci sunansa ko sau ɗaya ba.

Da ma kuwa Malam Dalhatu mai kiran sunan ne. A garin da uba ke jin kunyar ɗan fari, ya ce "yaron nan" ko "wancan", shi gatsal yake ƙwala "Ghali" daga zaure har maƙwabta su ji. Dangi suka sa wannan a cikin halayen da ya kwaso a Rasha, inda gwamnati ta tura shi koyon injinan masaƙa yana saurayi. A wurin mutanen unguwar, duk ƙasar da ke da ƙanƙara Rasha ce, shi kuma bai taɓa gyara musu ba, don ba ya son zancen. Hali na biyu da suka ɗora wa Rasha shi ne, 'ya'ya mata uku Allah ya ba shi, amma ya ƙi sa wa ko ɗaya sunan mahaifiyarsa Ruƙayyatu. Tsohuwar ta yi fushi har ta gaji ta bari.

A cikin bas ɗin Ghali akwai 'yan Filifin, akwai 'yan Indiya, akwai kuma waɗansu Turawa biyar da sunayensu a takardar da aka ba shi duk suke ƙarewa iri ɗaya: Holubová, Kučerová, Marešová, haka dai. Ghali ya daɗe da yanke cewa sunan garinsu ne, kamar yadda mutanen garinsu ke liƙa Funtuwa a ƙarshen suna. Basiru, abokin ɗakinsa, wanda bai taɓa rasa bayani a kan komai ba, ya ce a'a, 'yan gida ɗaya ne, ubansu wani attajiri ne mai suna Oba. Ghali dai bai taɓa tambaya ba. Direba a ƙasar nan idonsa na kan titi, bakinsa na cikin aljihu.

Babbar cikinsu ita ce Sista Holubová. Ta haura hamsin, furfura na leƙowa ta gefen gyalenta, abayar da doka ta sa ta sawa kuma kullum a karkace take a kan fararen kayan aiki. Ita ke fara fitowa, ta zauna daidai bayan direba saboda mota na sa ta jiri. Turancinta bai fi na Ghali ba, Larabcinta kuma na sayen tumatir ne, don haka suna fahimtar juna sosai.

Wata safiya cikin sanyin Fabrairu, bayan ya idar da asuba, Ghali ya iso ƙofar masaukin da wuri. Abin sauraren kunnensa ya lalace, sai ya kunna saƙon Muhibba a fili, bai lura Sista ta riga ta shigo ta zauna ba. Muryar tsohon ta cika motar, sau uku, sau huɗu. Da ta ƙare sai ya ji an yi magana a bayansa.

"Mista Ghali, wace mata ce dattijon nan yake nema?"

Ya ji kunya an kama shi. Ya ce ba mace ba ce, mahaifinsa ne ba shi da lafiya, yana kiran nasa mahaifin da ya rasu. Ta ce ya sake kunnawa. Ya sake. Ta rufe ido ta karkatar da kai kamar mai sauraren bugun zuciya, sannan ta buɗe baki ta faɗi abin, da irin hawa da saukar muryar tsohon sak, sai dai nata bai karye ba:

"Gambová, prosím."

Ghali ya juyo ya kalle ta. Ta ce wannan yarensu ne na ƙasar Cek, kuma ba ta shakka ko kaɗan. Kalmar ta biyu roƙo ce, kamar a ce "don Allah". Ta farkon kuma sunan mace ne, don a ƙasarsu namiji ba ya ɗaukar wannan wutsiyar. Sauran nas-nas suka fara shigowa suna hamma, zancen ya tsaya. A ranar, karon farko cikin shekara biyar, Ghali ya wuce kwanar asibiti sai da 'yan Filifin suka buga masa kujera.

Da yamma ta ƙarasa masa bayanin, suna jiran sauran a filin ajiye motoci. Ta ce a wurinsu sunan gida na namiji ne, mace kuma sai a ƙara mata "ová", ma'anarsa "ta wane". Tun zamanin kakanni haka ake cewa, matar wane ko 'yar wane, har abin ya zama doka a takarda. Ita kanta, tsohon mijinta sunansa Holub, wato tantabara. Ta yi dariya ta ce shekara ashirin da rabuwarsu, amma har yau ita ta Tantabara ce a fasfo. Ghali ya gane nan take, don su ma suna da Na-Allah, suna da Ta-Sallah. Ke nan abin da tsohon ke faɗa ba "Gambo fa" ba ne. Ta-Gambo yake nema, kuma roƙo yake a ba shi ita.

Sista ta ce ta sha ganin haka a ɗakin masu shanyewar jiki. Yaren da mutum ya yi rayuwa da shi ya kulle, wani tsohon yare da ya binne tun yana saurayi ya taso. Ta tambaye shi ko mahaifinsa ya taɓa zama a ƙasarsu. Ghali ya buɗe baki zai ce Rasha, sai ya tuna wata takardar shaida da ke rataye a ɗakin tsohon, gilashinta a fashe, da wata kalma a ƙasanta da yake ƙoƙarin karantawa yana yaro. Ya rubuta mata a bayan takardar sunaye. Ta duba ta ce Liberec, garin masaƙu ne a gindin dutse, awa ɗaya da wani abu daga garinsu.

Kada a ce Ghali ya yi murna. Fushi ya yi. Mahaifiyarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, matar da ta yi shekara talatin tana wanke wa mutumin nan kaya masu baƙin mai, yanzu kuma a ce kalmar da ta rage a bakinsa ta wata Baturiya ce. Kwana biyu bai saurari saƙon Muhibba ba, yana gaishe da Sista a taƙaice yana kallon gaba. A rana ta uku Muhibba ta rubuto cewa Baba ya rage cin abinci, cokali uku yake sha ya kau da kai. Ghali ya zauna a bakin katifarsa ya daɗe, ya ga cewa fushinsa ba zai ciyar da kowa ba. Washegari ya roƙi Sista ta taimaka masa ya nemo matar.

Neman bai ɗauki minti biyar ba, wannan ma ya ƙara masa takaici. Sista ta rubuta sunan a Facebook da ɗigon nan na saman harafin ƙarshe, sai ga mutum ɗaya tak: Lenka Gambová, Liberec. Ba tsohuwa ba ce. Mace ce mai kimanin shekara talatin da biyar, fatarta kalar shayi da madara, tana zaune a kujerar direba cikin irin jirgin ƙasan nan da ke bin titin cikin gari, tana dariya. Ghali ya karɓi wayar ya ƙara girman hoton. Faɗin goshin na Malam Dalhatu ne. Wushiryar kuwa ita ce wadda Muhibba ke rufewa da hannu in za ta yi dariya.

"Wannan ba matarsa ba ce," in ji Sista a hankali. "Ita ma 'yar haka ake kiranta."

Ghali ya yi lissafin shekaru a ransa. Ta girme shi da uku. Sai ya tuna muryar da ke ƙwala sunansa daga zaure ba kunya, ya gane ashe Rasha ba ta lalata kowa ba. Shi ne ba ɗan fari ba.

Sista ta rubuta mata saƙo da yarensu, gajere, ta ce akwai wani Dalhatu Gambo a Najeriya da ke kwance yana ambaton wannan suna, ɗansa na neman magana da ita. Aka yi shiru. Kwana ɗaya, uku, biyar. Ghali ya buɗe shafin Lenka a wayarsa, ya riƙa shiga kamar mai zuwa dubiya. Ya ga karenta, ya ga titin da ƙanƙara ta rufe, ya ga wani kabari da furanni da kyandir, an rubuta Jarmila Gambová da shekarar dubu biyu da tara. Ya ga hannunta a kan abin tuƙi, yatsun gajeru masu faɗin farce irin nasa. Bai taɓa sanin mutum na iya kewar wanda bai taɓa gani ba sai a kwanakin nan. A cunkoson titin Sarki Fahad sai ya kama kansa yana tunanin ko ita ma yanzu tana tsaye a danja, ko ita ma bayanta na ciwo da yamma. Kowace safiya yana kallon fuskar Sista tun daga ƙofar masauki, ita kuma ta girgiza kai kafin ta hau.

A rana ta tara amsa ta zo, tambaya ɗaya ce: yana raye?

Suka yi kiran bidiyo da la'asar sakaliya, a cikin bas, Sista na riƙe da waya tana fassara. Lenka na zaune a kicin ɗinta da rigar sanyi, ta harɗe hannu, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta daɗe tana kallon Ghali kafin ta yi magana, sannan ta ba da labarin kamar yadda mahaifiyarta ta ba ta.

Mahaifiyarta ma'aikaciyar masaƙa ce, a can suka haɗu da Malam Dalhatu, suka yi aure a ofishin gari, iyayenta ba su halarta ba. Karatunsa ya ƙare, takardar zamansa ta ƙare, gwamnatinsa ta aiko da tikiti mai rana, haihuwa kuma ta makara da mako biyu. A wancan zamanin ba a barin uba ya shiga asibitin haihuwa. Akwai wata 'yar taga a bakin ƙofa inda mai gadi ke zama, nan maza ke zuwa su faɗi sunan da suke nema. Kullum sai ya zo da rigarsa ta sanyi ya sunkuya ya ce, "Gambová, prosím." Mai gadi ya buga waya sama, shi kuma ya koma tsakiyar fili ya ɗaga kai, nas ta ɗago jaririyar a tagar bene na biyu, a bayan gilashi, na minti ɗaya. Kwana biyar yana haka. A na shida jirginsa ya tashi. Bai taɓa ɗaukarta ba, kuma ya ƙi yarda a sa mata suna, ya ce a ƙasarsu sai rana ta bakwai, zai aiko da shi a wasiƙa tare da adireshi, su biyo shi.

Wasiƙa ba ta zo ba, ko ɗaya. Mahaifiyar ta jira, ofishin rajistar haihuwa ya matsa, ta sa mata Lenka. Sai bayan shekara goma sha bakwai, kakar Lenka na gargarar mutuwa, ta faɗa cewa wasiƙun sun zo, sun fi ashirin, ita ta riƙa tare ɗan wasiƙa a ƙofa tana jefa su a murhu, don ba ta son 'yarta ta tafi Afirka. Lokacin babu adireshi, babu ƙasar da aka tura shi karatu a yadda take, babu wanda za a tambaya. Mahaifiyarta ba ta sake aure ba, ba ta kuma sauya suna ba.

Sista ta tsaya ta share hanci da gefen gyale. Ghali ya ce wa Lenka ta yi haƙuri, yana jin maganar ta yi ƙanƙanta tun kafin ta fita. Lenka ta ɗaga kafaɗa. Ta ce ta yi fushi da mutumin nan shekara goma sha bakwai, sannan ta yi fushi da kakarta, yanzu ta gaji. Ta ce abu ɗaya take son tambaya, in ba zai yi mata dariya ba.

Ta ce a makaranta kowane yaro ya san ma'anar sunansa. Wannan kakansa maƙeri ne, wancan baƙo ne da ya zo ƙauye, waccan kakanta mai gashi a murɗe. Akwai littattafai masu kauri na asalin sunaye, ta duba su duka, nata babu. Wani malami ya ce mata wataƙila "ƙafa" ne da yaren Italiya, yara suka yi shekara suna kiranta Ƙafa. Da ta yi aure ta ƙi karɓar sunan mijin, har suka yi rigima, auren ma bai daɗe ba. Ta ce wutsiyar sunan ta san ta, tasu ce. Kan ne ba ta sani ba.

"Mene ne Gambo?"

Ghali ya yi gyaran murya. Bai taɓa tunanin za a nemi wannan a wurinsa kamar wani abu mai tsada ba, abin da kowane yaro a Funtuwa ya sani. Ya ce a wurinsu in mace ta haifi tagwaye, to wanda ya biyo bayansu shi ake ce wa Gambo. Kakansu ya biyo bayan Hassan da Husaini ne. Ya ce mutum ne dogo mai ɗinkin hula, ba ya cin abinci shi kaɗai, in babu baƙo sai ya fita titi ya nemo. Ya ƙara da cewa sunan ba na maza kaɗai ba ne, mace ma in ta biyo tagwaye Gambo ce, ba a ƙara mata komai.

Sista ta fassara. Lenka ta maimaita abin a hankali, wanda ya biyo bayan tagwaye. Sai ta fashe da dariya, ta kai hannu ta rufe wushirya, dariyar kuma ta juye ta zama wani abu, ta kifa kai a kan tebur. Karen ya zo ya sa kai a cinyarta. Suka bar ta har ta ɗago.

Ghali ya kunna mata muryar tsohon. Ta saurara sau ɗaya, ta ce ya isa. Ta tambayi me za ta yi, ita ba ta jin yarensu, shi kuma ba ya iya magana. Sista ce ta ce ai mutum ne tsaye a bakin taga yana tambaya, abin da yake buƙata a amsa masa. Bayan sun rabu da kamar rabin awa saƙon murya ya shigo wayar Ghali, daƙiƙa shida kacal. Sista ta ce cewa ta yi, "Ga Gambová. Ina nan, Baba."

Sai da ya yi wa Muhibba bayani sau biyu kafin ta daina salati ta saurara. Ta ce yanzu ita za ta shiga ɗakin Baba da muryar wata Baturiya, in abin ya ƙarasa shi fa? Ghali ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, amma barinsa a haka ma ƙarasa shi yake yi. Ta ce sai da safe in ya sha magani, lokacin hankalinsa ya fi zama.

Washegari ya sauke nas-nas ƙarfe bakwai saura, ya ja motar ƙarƙashin rumfar ƙarfe ya kashe. Funtuwa na bayansu da awa biyu. Ya sayi shayi a wurin ɗan Bangaladash na bakin ƙofa, ya bar shi ya huce a hannunsa. Goma ta wuce, sha ɗaya ta gota, sannan wayar ta yi ƙara. Saƙon minti uku ne da 'yan daƙiƙu.

Da farko ƙarar tabarma ce da kukan kaza daga tsakar gida. Sai muryar Muhibba tana cewa, "Baba, saurara." Sai muryar Lenka, siririya, daga wata wayar. Sai shiru mai tsawo, har Ghali ya duba ko saƙon ya tsaya. Sai wani gurnani, da Muhibba tana cewa a hankali, Baba, a hankali, ga ta, riƙe. Ƙarar ta matso kusa, numfashin tsohon ya cika wayar kamar ya manna ta a leɓensa. Sannan, cikin raɗa, ya fara kiran salla.

Mutumin da wata biyu bai iya cewa ruwa ba, ya ɗauko shi daga kabbarar farko har ƙarshe, harshen na tuntuɓe amma bai tsallake kalma ko ɗaya ba. Ba irin kiran da ake yi a masallaci ba ne. Irin wanda uba ke yi ne a kunnen jariri ranar da aka miƙo masa shi a zane. Da ya ƙare ya huta, numfashi uku masu nauyi. Sannan ya ce, a fili, yadda ko kurma zai ji:

"Ruƙayyatu."

Sauran saƙon kukan Muhibba ne. A ciki ta samu ta ce da hannun hagu ya fizge wayar, ya tallabe ta a tafinsa kamar kan jariri. Ta ce yanzu ya kwanta, ya sha kunu rabin kofi, kuma tun ɗazu bai sake tambaya ba.

Ghali ya saurara har ƙarshe, yana jiran ko tsohon zai ƙara wani suna. Bai ƙara ba. Abin ya soke shi, kuma bai yi wa kansa ƙaryar cewa bai soke shi ba. Ya zauna da hannu a kan sitiyari yana son gida kamar ransa zai fita, yana son warin ɗakin nan na man zafi da tsofaffin takardu, yana son a ƙwala masa kira daga zaure ko da faɗa za a yi masa. Amma shi an yi masa nasa kiran sallar tun ranar da ya zo duniya, an kuma kira shi shekara talatin da biyu. Lenka kuwa wannan ne na farkonta.

Ya share fuska da hularsa, ya tura mata saƙon. Ya daɗe yana haɗa Turancin da zai bi bayansa, yana gogewa yana sakewa. Ya rubuta mata cewa wannan addu'ar da ake wa jariri ce, kalmar ƙarshe kuma sunanta ne da ya kamata ya zo a wasiƙa, sunan mahaifiyar Baba, wanda ya hana kowa. Ya ga alamar tana kan waya, ta ga saƙon, ba ta kunna ba tukuna. Sai ya yi sauri ya ƙara layi ɗaya.

"Yaya, kada ki kunna a fili. Ki sa a kunnenki na dama."